AI ne ke rubuta mana talla yana kuma amsa wa kwastomomi, amma kowanne da irin maganarsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ƙaramin kamfani muna sayar da takalma da jakunkuna ta intanet, mu biyar ne. Tun bara muka fara amfani da AI, wato manhajojin kwamfuta masu rubutu da amsa tambaya kamar mutum, yarinyar dake kula mana da Instagram tana sa ChatGPT ya rubuta mata kafshin (rubutun da ake sawa ƙarƙashin hoto), wani yaron kuma da wata manhaja daban yake rubuta imel ɗin talla, sannan muka sa bot (manhaja mai amsa saƙo da kanta) a WhatsApp yana amsa wa kwastomomi da daddare. Gaskiya aiki ya yi sauƙi. Amma kwanan nan wata tsohuwar kwastoma ta turo min saƙo tace ita fa ta kasa gane mu, a Instagram raha muke da imoji ko ina, a imel maganar ta yi tauri da yawa, a WhatsApp kuma da ta kai koke bot ya yi ta bata haƙuri bai faɗa mata komai ba. Dan Allah ya zan yi duk su riƙa magana da murya ɗaya? Ko in cire AI ɗin ne gaba ɗaya?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kar ki cire shi. Matsalar ba daga AI ɗin take ba, daga abin da ake ba shi ne, kuma tana gyaruwa ba tare da kin sayi wata sabuwar manhaja ba.

Bari in fara da dalilin da ya sa hakan ke faruwa don in kin gane shi sauran zai zo da sauƙi. Su ChatGPT da ire-irensa an horar dasu ne da rubutu mai tarin yawa na mutane iri-iri, aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, to in baki faɗa masa yadda kamfaninki ke magana ba sai ya ɗauko muryar da ta fi yawa a abin da ya karanta, wato tsaka-tsakiyar murya wadda ba ta kowa ba. In aka ce masa kafshin na Instagram sai ya zubo imoji da alamar motsin rai saboda haka yawancin kafshin suke, in aka ce imel sai ya koma "muna farin cikin sanar da ku", in koke ne sai ya shiga ban haƙuri ba ƙaƙƙautawa. Kowanne ya yi daidai da abin da aka tambaye shi fa. Sai dai yarinyar Instagram da nata umarnin, yaron imel da nasa, wanda ya haɗa miki bot shi ma ya rubuta nasa ya tafi, kuma babu ɗaya a cikin manhajojin nan da ta san abin da ɗayar ta faɗa. Tamkar kin ɗauki sababbin ma'aikata uku masu ƙwaƙwalwa ne rana ɗaya, baki zaunar da ko ɗaya kin nuna masa yadda ake yi a wurin ba.

Abin da mutane suka fi yi a nan shi ne su rubuta wa AI "ka yi magana cikin fara'a da ƙwarewa da girmamawa". Wannan ba zai kai ki ko ina ba. Wane kamfani ne zai ce shi a yi masa magana cikin ɗaure fuska da rashin ƙwarewa? Kowa haka yake rubutawa, shi ya sa kowa ke samun amsa iri ɗaya. AI ya fi koyo daga misali akan siffa. Ki koma cikin tsofaffin saƙonninki, waɗanda ke da kanki kika rubuta kafin zuwan AI lokacin da kwastomomin nan suka fara sabawa daku, ki zaɓo kamar ashirin ko talatin waɗanda in kin karanta kike jin eh, mu ne wannan. A samu na talla a ciki, a samu na amsa tambayar farashi, a samu na wanda kaya suka makara, da na wanda kika ce wa a'a. Waɗannan su ne muryar taki, sauran bayani duk ƙari ne a kansu.

Kuma ni shawarata ki fara daga saƙonnin koke kafin na talla, duk da na san talla ce ta fi ɗaukar ido. Kwastoma ba ya auna ku da kafshin, kafshin kowa mai daɗi ne. Yana auna ku ne ranar da ya biya kuɗi kaya basu zo ba. Duba wannan, mace ta rubuto ƙarfe sha ɗayan dare: "Na biya tun Litinin, an ce kwana biyu, yau Juma'a shiru." Bot ɗin da ba a koya masa komai ba zai ce mata muna matuƙar baƙin cikin jin wannan, mun fahimci yadda kike ji, gamsuwarki ita ce burinmu, za mu duba lamarin nan ba da jimawa ba. Layi huɗu, bata ƙaru da komai ba, haushinta ma ƙaruwa zai yi. Wanda aka koya wa zai ce: "Ki yi haƙuri, mun saɓa alkawari. Turo min lambar odar in duba inda kayan suke. In ban gani ba zan miƙa wa mai kula da kai kaya, zai kira ki gobe kafin ƙarfe goma." Haƙuri sau ɗaya, sai abin da za a yi da lokacin da za a yi shi. In kin daidaita wannan zaki ga ita kanta tallar ta fara nutsuwa, saboda kamfanin da ke amsa koke a haka ba zai dace ya fito a Instagram yana ihu da imoji goma sha biyu ba.

Amma kar ki fahimce ni da cewa dole kafshin da amsar koke su zama iri ɗaya sak. Kamfanin Mailchimp, mai manhajar tura imel ɗin talla, a jagoran rubutunsu da suka sa a intanet sun raba abin gida biyu kuma rabon ya yi ma'ana: murya ba ta canzawa, amma yanayin magana yana bin halin da mai karatu yake ciki. Ke ma haka kike ai, yadda kike magana ranar farin ciki daban da ranar da wani ya zo miki da damuwa, amma duk wanda ya san ki zai gane ke ce. To raha a Instagram ba laifi bane. Laifin shi ne a Instagram a ce "ƙawata" a imel a ce "ya ke abokiyar hulɗarmu mai daraja". Ki yanke hukunci akan ƙananan abubuwan nan ki rubuta su: me kuke kiran mai saye, gajerun jimloli kuke yi ko dogaye, imoji nawa ne iyaka kuma a ina ne ba a sa shi kwata-kwata, kuna sa Turanci a tsakiyar magana ko a'a, wace gaisuwa kuke buɗewa da ita. Sannan ki yi jerin kalmomin da ba kwa faɗa, wannan jerin yana aiki sosai, sau da yawa ma ya fi na waɗanda kuke faɗa. In da Hausa bot ɗin ke amsawa akwai ƙarin abu guda, bai san mace ce ko namiji ke rubutu ba, zai iya ce wa dattijuwa "ka turo", don haka ki sa masa doka ya riƙa amfani da "ku" har sai ya tabbatar. Kuma misalan ki rubuta su da Hausa kai tsaye, kar a rubuta da Turanci a ce ya fassara, manhajojin nan sun fi ƙarfi a Turanci nesa ba kusa ba saboda shi suka fi karantawa, in kika bar shi da fassara zaki ga Hausar tana fitowa a sanƙare.

Duk wannan ya shiga takarda ɗaya, shafi biyu ko uku ya isa. Takarda ɗaya fa, ba kowa da tasa ba. Yarinyar Instagram ta liƙa ta a farkon hirarta da ChatGPT ko ta sa ta a wurin umarnin dindindin, yaron imel shi ma ita, bot ma ita za a sa masa a umarninsa na tushe. Mutum ɗaya ne zai riƙa gyara ta, in ya gyara ya sanar da kowa a sabunta. Ma'aikatanki na gaske ma su karanta, don ba AI kaɗai ke canza murya ba, mutum biyar ma in ba a daidaita su ba murya biyar ne.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kuma shi ne mutane suka fi mantawa dashi. Murya ɗaya ba salon magana kawai bane, har da alkawari ɗaya. In talla ta ce ana iya dawo da kaya cikin kwana bakwai bot ya ce sha huɗu, duk daɗin bakinsa ya rusa ki. AI kuma in bai san amsa ba ba lallai ya yi shiru ba, yana iya ƙirƙiro wadda ta yi kama da gaskiya ya faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa. Kamfanin jiragen sama na Air Canada ya ɗanɗana wannan. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi bot ɗin shafinsu game da rangwamen masu zuwa jana'iza, bot yace masa ya sayi tikiti ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90, alhali dokar kamfanin ba ta yarda a nema bayan tafiya ba. Da suka hana shi ya kai ƙara, kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa bot ɗin ne ke da alhakin maganarsa, amma a watan Fabrairun 2024 kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia a Kanada ta ƙi yarda, tace abin da ke shafinku naku ne, ta umarce su su biya shi kusan dalar Kanada 812. Kuɗin ba yawa, amma labarin ya zaga duniya. Saboda haka bayan takardar murya ki yi ta biyu mai ɗauke da zallar bayanai, farashi, kwanakin kai kaya, sharuɗɗan dawo da kaya da mayar da kuɗi, ki sa wa bot doka daga nan kaɗai zai ɗauko amsa, abin da babu a ciki ya ce zai haɗa mutum da ma'aikaci. Rangwame da mayar da kuɗi kuwa kar ki ba shi ikon yin alkawarinsu sam. A Disambar 2023 wani ya lallaɓa bot ɗin wani dilan motocin Chevrolet a Kalifoniya har ya amince zai sayar da sabuwar mota ƙirar Tahoe akan dala 1. Ba a sayar ba, amma sikirinshot ɗin ya yaɗu ko ina.

Sai gwaji. Kafin ki saki bot ɗin da sabon umarni ki zauna ki zama kwastoma mafi wahala da kika taɓa gani, ki zage shi, ki nemi rangwamen ƙarya, ki ce masa ya manta da duk umarnin da aka ba shi, ki tambaye shi ra'ayinsa akan kamfanin da kuke gogayya dashi. Ki ajiye tambayoyin nan a wuri ɗaya domin zaki sake buƙatarsu, kamfanonin da ke yin manhajojin nan suna sabunta su lokaci zuwa lokaci kuma sabuntawa na iya canza halin bot ba tare da kin taɓa komai ba. A Janairun 2024 bot ɗin kamfanin kai saƙo na DPD a Ingila ya yi ashar da wani kwastoma ya nemi ya yi, ya kuma rubuta waƙa yana kushe kamfanin da kansa, DPD suka ce kuskure ne da ya biyo bayan sabunta tsarinsu suka kashe ɓangaren AI ɗin. Kamfani ne babba mai ma'aikata da yawa, bare ke mai mutum biyar. Ki ware lokaci duk mako ki karanta wasu daga cikin hirarrakin da bot ya yi, inda ya amsa da kyau ki ƙara shi cikin misalai, inda ya kauce ki gyara takardar, kar ki tsaya gyara amsar guda ɗaya kawai.

Kuma dan Allah bot ya faɗa tun a saƙon farko cewa shi bot ne. Wasu suna sa masa sunan mutum suna ɓoyewa wai don muryar ta zama ta ɗan Adam, ni ban yarda da wannan ba, ranar da kwastoma ya gane zai ji an yaudare shi, kuma dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2024 ma ta tanadi cewa a sanar da mutum in da na'ura yake magana.

Game da ko AI zai iya ɗaukar komai, ki duba Klarna, kamfanin biyan kuɗi na Suwidin. A Fabrairun 2024 suka sanar cewa mataimakinsu na AI ya yi hira miliyan 2.3 a watansa na farko, aikin ma'aikata 700. A 2025 shugaban kamfanin, Sebastian Siemiatkowski, ya fito ya ce sun fi mayar da hankali akan rage kashe kuɗi kuma ingancin hidima ya ragu, za su tabbatar kwastoma na iya samun mutum in yana so. Ke ma ki sa ƙofar nan a buɗe. Wanda ya maimaita koke sau biyu, ko ya yi maganar kuɗinsa, ko ya ce shi mutum yake so, bot ya daina ja dashi ya miƙa shi, kuma ya miƙa tare da taƙaitaccen bayanin abin da aka riga aka tattauna, don kar ma'aikacinki ya zo da safe ya sake tambayarsa lambar oda da ya riga ya turo tun dare.