Amsa: Farin magi ne ke kawo ciwon mantuwa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko farin magin miya ne ya jawo wa Hajiya mantuwa, tunda yana ɗauke da gulutamet, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen isar da saƙo. Yawancin wanda muke ci hanji ne ke ƙone shi, kuma da ƙyar yake ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka da wuya a ce shi ne sanadi. Ƙwaƙwalwa tana samar da nata, wanda idan ya kama masu karɓarsa da ke jikin ƙwayar jijiya, irin waɗanda ake kira NMDA, sai kalsiyam ya shiga ƙwayar, mahaɗar jijiyoyi ta ƙarfafa, ta haka ake riƙe abin da aka koya. Idan ya yi yawa a can yana lalata ƙwayoyin, shi ya sa ake ba masu Alzaima (wani nau'in ciwon mantuwa) maganin memantine, wanda ke rage tasirinsa. Ki kai Hajiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos likita ya duba ta.