Gwangwanin tumatir da ke lakaɗa maka duka a Kingdom of Loathing

Malam, ka ce gwangwanin tumatir mai aljanu yana ta kayar da kai a ɗakin ajiyar abinci na Haunted Pantry, cikin wasan intanet na Kingdom of Loathing, kana tambaya ko wasan ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Tun da aka buɗe shi a 2003 haka dodanninsa suke, zanen tsinke-tsinke da raha, wasan da kuɗinsa ma nama ne. Abin da za ka yi shi ne ka ɗaga Moxie ɗinka, ɗaya daga cikin ma'aunan ƙarfin ɗan wasanka, domin da shi ake auna ko bugun dodo zai same ka. In ya zarce ƙarfin harin dodon da kamar maki 10, da wuya ya taɓa ka. Sa hula da wando masu ƙara shi kafin ka koma.

Sharaɗi ɗaya: kada ka sake shiga faɗa nan take bayan an kayar da kai. Wasan yana liƙa maka alamar wanda ya sha kashi, tana rage ƙarfinka da rabi na 'yan zagaye (kowace shiga faɗa zagaye ɗaya ce). Ni da taurin kai na riƙa komawa a haka, gwangwanin nan ya tumurmusa ni sau uku a jere, abin kunya, na kuma ƙona zagaye a banza alhali 40 ake ba mutum a rana. Je sansaninka ka huta tukuna. Zagaye ɗaya zai ci maka, amma yana goge alamar ya kuma mayar maka da ɗan jini.