Amsa: Su wane ne masu jar dara da ke busa a faretin Amurka?

Malam, ka tambaya ko mutanen nan masu jar dara da ke kaɗe-kaɗe a faretin Amurka Musulmi ne, da kuma inda kuɗin da suke tarawa ke zuwa. Ba ƙungiyar addini ba ce. Sunansu Shriners, an kafa su a birnin Niyok a 1872, kuma ba sa karɓar kowa sai wanda ya kai mataki na uku a Freemason, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza. Hular da sunaye irin su Makka da Madina da suke laƙaba wa rassansu aro ne kawai, don ado.

Kowane reshe na da rukunoni: masu ƙananan motoci, 'yan barkwanci da makaɗa. Abin busan nan mai tsananin ƙara, musette, ɗan'uwan algaita ne. Bakinsa siraran kara biyu ne a haɗe, in ba a jiƙa su kafin fita ba sai su bushe, sautin ya shaƙe.

A 1920 suka ɗora wa kowane mamba dala 2 a shekara don gina asibitin yara, suka buɗe na farko a birnin Shreveport na jihar Louisiana a 1922, musamman don yaran da shan inna ta nakasa. Yau asibitocinsu suna duba ƙuna, ciwon ƙashi, raunin laka da tsagewar leɓe, har yaro ya kai shekara 18, ko iyayensa na da hali ko babu.

Sai dai a kula, ba duk taron neman kuɗinsu ne na asibiti ba. Wani na hidimar reshen ne kawai, kuma ƙa'idarsu ita ce a rubuta hakan a jikin tikiti. Ka karanta shi kafin ka sa hannu a aljihu.