Bilic da asid ba sa haɗa jarka

Yaro, tambayar da ka yi jiya a bakin shago ba ta wauta ba ce. Ka ce, "Maigida, tunda bilic yana cin datti, ruwan asid na wankin bayi ma yana ci, me zai hana mu zuba su jarka ɗaya mu sami mai ƙarfi biyu?" Abin da za ka samu iska ce mai shaƙe mutum.

Sodar da muke sabulu da ita da kulorin da ke cikin bilic duk daga gishiri aka ciro su. A masana'anta ana narka gishiri a ruwa, a bi da wutar lantarki ta ciki, kulorin ya fita ta gefe guda, soda ta rage a ɗaya gefen. Shi gishirin abu biyu ne, sodiyam da kulorin, kuma kowannensu in yana shi kaɗai bala'i ne. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, wuƙa tana yanka shi, a cikin mai ake adana shi don ko damshin iska ba ya jurewa. Ka jefa ɗan guntu a ruwa, sai ya hau yawo a sama yana tafasa, yana fitar da iskar haidurojin. Ɗan'uwansa potasiyam, wanda ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke sabulun gargajiya da shi, ya fi shi zafin kai, nan take yake kama wuta. Wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware sodiyam da potasiyam a 1807.

Dalilin zafin sodiyam da kulorin ɗaya ne. Sodiyam yana da ilaktoron, wato 'yar ƙwayar lantarki, guda a waje da yake neman rabuwa da shi, kulorin kuma yana da bakwai, saura guda ya cika takwas. Mai neman sayarwa ya gamu da mai neman saye, ciniki ya faɗa, kowa ya natsu. Shi ya sa kake barbaɗa gishiri a miya ba ka fargaba.

To, a bilic kulorin bai natsu haka ba, sodar da ke cikin ruwan ce kawai ta riƙe shi. Da ka zuba asid ka karya sodar, sai ya kuɓuce ya tashi, launinsa tsakanin rawaya da kore. Yana taɓa damshin ido ko na huhu sai ya koma asid a wurin. Ga shi ya fi iska nauyi kusan ninki biyu da rabi, don haka ƙasa yake kwanciya. Ka duba matar da ta sayi kayanmu, ta duƙa tana goge ɗan ƙaramin bayi marar taga: hancinta yana daidai inda ya taru. Wannan iskar ce fa sojojin Jamus suka saki a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915.

In ka ji warin ya soki hancinka, ka bar bokitin nan, ka fita sarari, ka buɗe ƙofa, ka wanke ido da ruwa mai yawa. Tari ya ƙi tsayawa, sai asibiti. Yau kafin ka tashi ka mayar da jarkokin asid can ƙarshen shago, kuma mazurarin da ya taɓa bilic kada ya sake shiga bakinsu.