Macijin da na sayo ya sari ɗan maƙwabcina a Jidda, me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ina zaune a Jidda da igama, wato takardar izinin zama. Wata huɗu ke nan na sayi ɗan maciji a hannun wani ta Snapchat, irin na Amurka mai ɗagaggen hanci. Ya ce dafinsa ba ya kisa, don haka ba ya buƙatar takarda. Makon jiya ɗan maƙwabcina ya zura hannu a akwatin, ya sare shi, yatsa ya kumbura har wuyan hannu. Yaron ya warke, amma uban ya ce ko in biya kuɗin asibiti in fitar da macijin, ko ya kai ni gaban hukuma. Da kuɗina na saya, a ɗakina yake. Zan iya riga shi kai ƙara kan barazana?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ban ga macijin ba, ban ga rahoton likita ba, saboda haka abin da zan faɗa ya tsaya kan bayaninka ne kawai. Amma a yadda ka kawo maganar, ba na ba ka shawarar zuwa kotu.

Inda ka fara kuskure shi ne ɗaukar cewa ƙarfin dafi ne ma'aunin halacci. Dokar Muhalli ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2020, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, abin da suke dubawa shi ne: dabbar ta dawa ce? Daga ina ta shigo? Akwai lasisi? Mai ba da lasisin ita ce Cibiyar Kula da Namun Dawa ta Ƙasa, ta manhajarta mai suna Fitri. Maciji ba kyanwa ba ne. Ko a cikin gilashi aka ƙyanƙyashe shi, galibi cikin namun dawa za a lissafa shi. Biyan kuɗi ba ya wanke kayan da suka shigo ba bisa ƙa'ida ba, kuma wanda ya karɓi kuɗinka ya ce ba ka buƙatar takarda, ina kyautata zaton shi ma ba shi da ita. Tambaye shi takardar shigo da shi ka ji abin da zai ce.

Sannan wa ya tabbatar maka da nau'insa? Macizai masu fiƙa a can ƙuryar baki ba ɗaya suke ba. Mai ɗagaggen hanci sai ya kama ya yi ta tauna kafin dafin ya shiga, kuma yawanci kumburi ne da raɗaɗi. To amma irin wannan fiƙar ce da macijin bumsilan na Afirka, wanda ya kashe masanin macizai Karl Schmidt a Shikago a 1957. In kuma aka duba aka ga macijinka yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dawa da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda Saudiyya ta shiga a 1996, lamarin ya ƙara nauyi. Ga baƙo mai igama, abin tsoron bai tsaya kan tara ba, domin wasu hukunce-hukuncen na iya ƙarewa da tarhil, wato a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa.

Batun yaron ma ba ya gefenka sosai. Dokar Mu'amalar Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da dabba alhakin ɓarnar da ta yi. Za ka iya cewa yaron ne ya kai hannu, kuma alƙali na iya rage diyya saboda haka, amma tambayar farko da za a yi maka ita ce: me ya sa ƙaramin yaro ya iya ɗaga murfin? Shi kuwa uban, cewa zai sanar da hukuma da wuya a kira shi barazana, haƙƙinsa ne. In ka kai ƙara, da bakinka za ka rubuta cewa kana da maciji babu lasisi.

Abin da nake gani shi ne ka nemi dattijo ɗaya da kuke jin maganarsa, ko limamin masallacinku, ku zauna. Ka biya kuɗin asibiti bisa rasit, a rubuta cewa magana ta mutu, kowa ya sa hannu. In kana son takardar ta yi ƙarfi, a bi da ita ta Taradi, manhajar sulhu ta Ma'aikatar Shari'a. Ka leƙa kwantiragin hayarka da ke manhajar rajistar haya ta Ijar ma, kada mai gida ya samu hujja a kanka.

Macijin kuwa, ka tuntuɓi cibiyar ka nemi miƙa shi ko daidaita matsayinsa, zai fi kyau ta hannun lauya mai lasisi a nan. Kada ka sake shi a bayan gari, kada ka sayar wa wani. Kowanne na iya zama sabon laifi. Kafin a zo karɓa, ka sa wa murfin kwaɗo, ka kulle ɗakin, ka riƙa miƙa masa abinci da dogon hantsaki, domin hannun da ke warin ɓera shi ya fi kai wa sara.