Fankar AC ta Mercedes W123 tana ɗaukewa, sai an faɗa rami ta dawo

Ka ce fankar da ke hura sanyi a motarka, Mercedes W123 ƙirar 1982, takan tsaya haka kawai, sai ka faɗa rami ko ka bugi ƙasan dashbod ta sake tashi, kuma wani ya ba ka shawarar ƙara gas. Ka ajiye batun gas tukuna, domin fankar da lantarki take aiki, kuma ko babu gas ko kaɗan za ta hura iska, sai dai iskar ba za ta yi sanyi ba.

Alamar da ka bayyana ta fi kama da cinyewar kabon guda biyu, wato ƙananan gawayin da ke kai wuta cikin injin fankar, waɗanda idan suka gajarce ba sa taɓa kwamiteta sosai, wato zoben tagullar da ke juyawa a cikin injin, sai girgiza ta sake haɗa su. Amma kafin a kwance komai, a fara duba fiyus, domin wannan mota tana amfani da tsofaffin fiyus masu tsini a kai biyu, kuma bakinsu yakan yi tsatsa ya hana wuta wucewa alhali ƙarfen fiyus ɗin bai tsinke ba. A goge bakin, a matse maƙalin, a duba wayar at, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota.

Idan matsalar ta ci gaba, rewaya ya ciro fankar daga ƙasan dashbod ta ɓangaren fasinja, ya ba ta wuta volt 12 kai tsaye daga batir. In ta yi gardama ko ƙara, a canja kabon, a share ƙura, a ɗiga mai a bushin, wato inda sandar injin ke juyawa. Rizista kuwa, wadda ke rage gudun fankar, ba na zarginta, domin idan ta ƙone fankar takan yi aiki a mataki mafi ƙarfi kaɗai.