"The team is" ko "The team are"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu na Turanci ya soke mini "the team are playing well", ya ce "is" ne daidai. Ga shi kuma kullum ina jin masu sharhin ƙwallo a Ingila suna cewa "Arsenal are winning". Wa ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kowannensu da hujjarsa. Kalmomi irin su "team", "family" da "committee" siffarsu ta tilo ce, amma mutane da yawa suke nufi. Turawan Amurka kusan kullum "is" suke sa musu. Na Ingila kuwa manufa suke dubawa: in ƙungiyar ake nufi a dunƙule, sai "is", in mutanen cikinta ne, sai "are". Shi ya sa za su ce "the committee are arguing", ai abu guda ba ya gardama da kansa.

Inda ake yin ɓaranɓarama shi ne cakuɗawa, kamar "the team is proud of their coach". Kin fara da "is", to "its" ne zai biyo baya. A jarrabawa dai ki riƙe "is", ya fi kuɓutar da maki. Sai "police", wannan kam "are" take ɗauka ko a Amurka.